Muhawara: yaya ake rubuta labarin 'yan gida ɗaya da zai hana mai karatu barci ba tare da boka ba?

Ummu Sultan: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya kamata mu tattauna. Labaranmu na rikicin gida kusan hanya ɗaya suke bi: kishiya ta je wurin boka, an barbaɗa magani a miya, 'yan uba sun ja daga, a ƙarshe asiri ya tonu, muguwa ta haukace. Tun feji na uku mai karatu ya san inda za a sauka. Ni labarin zullumi nake nufi, wanda tsoron yana cikin zukatan mutanen gidan, tauraruwar ba ta san wa za ta yarda da shi ba, har ta fara shakkar hankalinta. Daga ina ake kama shi?

Bashir Mai Biro: Wa alaikumus salam. Daga sirri ɗaya ake kama shi, Hajiya, ba goma ba. Kafin ki rubuta layin farko ki amsa tambaya uku a takarda: me ya faru a zahiri, wa ya sani, me kowa zai rasa idan maganar ta fito. Duk tauraron da ba zai yi asarar komai ba, a cire shi. Mutum shida ko bakwai sun isa. Da zarar an tara mata huɗu da 'ya'ya ashirin da jikoki, ƙarfin mai karatu zai ƙare a haddar sunaye, ba zai samu sararin zargin kowa ba.

Malam Habibu: In ana neman sirrin da zai raba 'yan gida, ba sai an je da nisa ba, ilimin gado ya ishe ku. Ga misali. Alhaji da babban ɗansa, mu kira shi Babangida, sun rasu a haɗarin mota rana ɗaya a hanyar Kano zuwa Zariya. Alhaji ba shi da iyaye a raye. Ya bar mata biyu. Ɗakin uwargida akwai Asabe da Babangida, ɗakin amarya maza biyu da mace ɗaya. Bayan an biya bashi da hidimar jana'iza, dukiya ta tsaya a naira miliyan 192. Matan biyu suna raba tumuni, wato miliyan 24, kowace 12. Saura 168.

Idan Alhaji ne ya fara cikawa, ko da da minti ɗaya ne, Babangida ya ci gado. Maza uku da mata biyu kaso takwas ke nan: namiji miliyan 42, mace 21. Miliyan 42 ɗin Babangida sai ta gangara ga 'ya'yansa da matarsa da mahaifiyarsa. Idan kuwa Babangida ne ya riga, 'ya'yansa ba su da komai a dukiyar kakansu, domin baffanninsu sun katange su. Kaso ya koma shida: namiji 56, mace 28. Kowane namiji ya ƙaru da miliyan 14, kowace mace da 7.

Abin lura kuma shi ne, idan ba a san wanda ya riga wani ba, a mazhabar Malikiyya ba a gadar da su juna. A dukiyar Alhaji, sakamakon ya zama ɗaya da a ce Babangida ne ya riga mutuwa.

Bashir Mai Biro: Allah ya gafarta Malam, wannan magana ta ƙarshe ita ce littafin gaba ɗaya. Ke nan ba sai an sa kowa ya yi ƙarya ba. Ya isa a ce wanda ya gani ya kasa tunawa. A sa 'yar amarya a bayan motar, yarinya 'yar shekara 19, mu kira ta Nafisa. Ita ce ta ga komai. Gidan ba ya bukatar ta rantse a kan ƙarya, so yake ta ce "ban tabbata ba".

Ummu Sultan: To amma Malam, shaidar yarinya ɗaya za ta wadatar a gaban alƙali?

Malam Habibu: Ba za ta wadatar ba, kuma kada a rubuta kamar ta wadatar, masu karatu da yawa sun yi Islamiyya. A sha'anin dukiya ana neman maza biyu, ko namiji da mata biyu, kuma Malikiyya suna karɓar shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. Sannan ba a karɓar shaidar wanda zai jawo wa kansa amfani da ita. Nafisa dai asara za ta yi in ta faɗi gaskiya, miliyan 7 ce za ta fita daga rabonta, wannan ya ba maganarta nauyi a idon mutane. Amma dole ta nemo wani abin da zai tsaya tare da ita. Wannan neman shi ne tafiyar labarin.

Ga wani abu a gefe, don kada wani ya ɗauko hukuncin wata ƙasa ya dasa a Kano: Masar ta yi doka a 1946 da ta wajabta wa jikokin da ubansu ya riga kakansu rasuwa wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. A wajenmu ba haka ake tafiya ba, sai dai in kakan ya yi musu wasiyya da bakinsa ko magada su ba su don Allah.

Nas Jamila: Bari in sa baki a kan jikin Nafisa, domin a nan marubuta suke yawan zamewa. Wanda ya bugu a kai har ya suma yakan rasa mintunan da suka gabaci bugun da waɗanda suka biyo baya, kuma galibi abin da ya ɓace a wannan tsakanin ba ya dawowa. Ba faifan bidiyo ba ne da za a ce ta ji ƙarar birki a babi na 30 sai komai ya dawo mata tsaf. Saboda haka kada a buga mata kai. A karya mata cinya ko ƙauri, kujera ta danne ta, idonta biyu har aka ciro ta. Ta ji komai, ta ga komai.

Sai a gida a fara ce mata, "Ai a sume aka ɗauko ki." Mutum ɗaya ya faɗa, na biyu ya maimaita, masu zuwa dubiya su ɗauka. Tunanin ɗan Adam yana karɓar abin da aka yi ta nanata masa, musamman yana kwance cikin ciwo, ana ba shi maganin rage raɗaɗi mai sa barci, ba ya bambance dare da rana. Bayan sati uku ita da kanta za ta fara cewa wataƙila mafarki ta yi. Hujjar kuma tana cikin fayil ɗinta na asibiti, domin a sashen gaggawa ana rubuta halin da aka kawo mara lafiya, ko yana magana ko ba ya yi, da lokacin da ya iso.

Anti Rabi: Ni inda ban gamsu ba shi ne waye mai wannan aikin. In yayyenta maza ne, 'yan ɗakinsu, to mun koma gidan jiya: ɗakin amarya ya cuci marayun ɗakin uwargida. 'Yan ubanci ne da kowa ya sani.

Bashir Mai Biro: Su za a bari mai karatu ya zarga, Anti, har kashi biyu cikin uku na littafin. Suna da dalili mafi girma, miliyan 14 kowannensu, ga zafin kai, ga gaggawar a raba. Amma ku sake duba lissafin Malam. Asabe, wadda suke ciki ɗaya da mamacin, ita ma tana ƙaruwa da miliyan 7 idan aka hana 'ya'yan ƙaninta. Kuma in Babangida ya bar ɗa namiji, ba ta gadon komai a wajensa. Babu wanda zai kalli inda take, saboda ita ce shaƙiƙiya, ita ce ta fi kowa kuka ranar jana'iza, ita ce ta tare a asibiti tana jinyar 'yar kishiyar uwarta har mutane suna sa mata albarka. Ita ke ba Nafisa magani. Ita ta fara cewa "a sume".

Anti Rabi: Wannan ya fi. Amma kuɗi kaɗai ba zai ɗauki nauyin wannan aika-aika ba. Mace ba ta juya wa marayun ƙaninta baya don miliyan 7 sai da tsohon miki. Kuma mikin ya fito daga tsarin gidan, kada a ce haka Allah ya halicce ta da baƙar zuciya.

Ga yadda nake ganinsa. Asabe ce 'yar fari. Uwarta tana kunyarta, ba ta kiran sunanta, sai "ke" ko "waccan", ba ta jan ta a jiki a gaban mutane. Manya sun san alkunya ce, yarinya 'yar shekara biyar ba ta sani ba. Sai aka haifi Babangida, ta ga an goya shi, ana masa kirari. Tana da shekara shida aka ba goggonta riƙonta a wani gari. An cire ta daga makaranta an yi mata aure, shi an kai shi jami'a, aka damƙa masa makullan shago. Aurenta ya mutu, ta dawo gida da 'ya'ya uku, aka ba ta ɗakin da ake ajiye buhunan hatsi. Duk wata sai ta aika yaro wurin ƙaninta karɓar kuɗin sabulu, matarsa ce ke miƙowa. Babu wanda ya doke ta, babu wanda ya zage ta. Kowa a gidan zai rantse ba a taɓa cutar da ita ba. Irin wannan gidan ne ke haifar da labarin da Ummu Sultan take nema.

Ummu Sultan: Anti, yaya za a nuna duk wannan ba tare da an tsaya an yi feji biyar na "waiwaye adon tafiya" ba? Da an shiga tarihi masu karatu suke gudu.

Anti Rabi: A gutsura shi cikin abin da ke faruwa yanzu. Misali, daren sadakar bakwai:

Hajiya Babba, uwargida, na zaune a kan tabarma cikin kayan takaba, carbi a hannu. Asabe ta shigo da kwanon fura ta durƙusa ta ajiye. Hajiya ba ta ɗago ba, ta ce, "A kai wa yaran Babangida, ba su ci komai ba." Asabe ta ce to. Ta ɗauki kwanon, ta tsaya a bakin ƙofa ta gyara murfin da bai karkace ba, sannan ta fita. Nafisa tana jin takunta ya wuce ɗakin yaran bai tsaya ba.

Ba a ce tana jin haushi ba. An ambaci sunan mamaci, ba a ambaci nata ba, ga ta a durƙushe. Mai karatu zai wuce wurin yana tausayinta, sai a ƙarshe ya dawo ya ga abin da ya gani bai gane ba.

Sadiya Zinder: Ina bin ku, amma ina da ja a kan cire boka. Mutanenmu sun yarda da sammu, a Damagaram ko a Katsina duk ɗaya ne. Gidan da aka yi haɗari, yarinya tana firgita cikin dare tana cewa ta ji muryar mamaci, a ce babu wanda ya kawo zancen asiri ko iska? Ba gidan Hausa ba ne wannan.

Bashir Mai Biro: Gaskiyarki, Malama Sadiya. A bar mutanen gidan su yi zancen, amma kada marubuci ya sa asirin ya yi aiki. Bambancin ke nan. Da zarar an nuna laya ta juya tunanin mutum, an sauke wa kowa alhakin abin da ya yi, kuma mai karatu ba shi da abin da zai lissafa, tunda komai na iya faruwa. Amma in Asabe ce ta ce, cikin tausayi, "Yarinyar nan a nema mata taimako, ba ita kaɗai ba ce," sai a kira mai ruƙiyya, a yi hayaƙi, to daga ranar duk abin da Nafisa ta faɗa za a ce ba bakinta ba ne. An kashe shaidarta ba tare da an taɓa ta ba. Imanin gidan ya zama makami a hannun mutum.

Nas Jamila: A nan ina roƙon a yi hattara. Abin da Nafisa za ta nuna sananne ne ga wanda ya tsira daga mummunan haɗari: mafarkin abin, zabura in an buga ƙofa, ƙin shiga mota, rashin barci. In ya wuce wata guda yana hana ta rayuwa, ciwo ne da ake magani, akwai asibitocinsa irin na Dawanau a Kano da Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato. Ba hauka tuburan ba ne, kuma ba ya mai da mutum maƙaryaci. Sannan don Allah kada a rufe littafin da cewa Asabe ce mai taɓin hankali, ko a haukatar da ita a matsayin sakayya. Masu fama da wannan lalura suna karanta mu, iyalansu ma haka. Asabe da hankalinta ta yi, ta auna, ta zaɓa. Hakan ya fi ban tsoro.

Ummu Sultan: To hujjar da za ta tsaya tare da Nafisa fa? Fayil ɗin asibiti ya nuna idonta biyu ne kawai, bai nuna wa ya riga cikawa ba.

Bashir Mai Biro: Waya. Babangida, yana danne a gaban mota, ya kira yayarsa. Kira ɗaya, daƙiƙa 40: "Yaya, Alhaji ya cika, ki kula da yarana." Nafisa ta ji shi daga baya. Asabe ta goge kiran a wayarta, wayarsa kuma ta ce ta ɓace a wurin haɗarin, alhali tana ƙasan akwatinta, domin ita aka damƙa wa kayan mamatan.

Dokar wannan salo ita ce kada a yaudari mai karatu da ɓoye abin da ya kamata ya gani. Kowace hujja a nuna ta sau uku. Na farko a wuce da ita cikin hayaniya: Asabe ta riga kowa isa asibiti, har ta riga jami'an kiyaye haɗurra kiran gida. Na biyu a ba ta wata fassara: wani ya yi mamaki, Hajiya Babba ta ce ai jini ne, jikinta ne ya ba ta. Na uku ita ce fashewa: matar Babangida ta ce ta yi ta kiran layinsa a wannan lokacin ana ce mata yana kan wani kiran. In aka zo da wayar a babin ƙarshe ba tare da an shuka ta ba, mai karatu zai ji an yi masa fashi.

Nas Jamila: Ƙaramin gyara. Wanda ba ma'aikacin lafiya ba yana iya ɗaukar suma a matsayin mutuwa, don haka maganar Babangida kaɗai lauyan ɗaya ɓangaren zai iya rusa ta. A ƙara mutum na waje: direban motar haya da ya tsaya taimako, wanda ya lulluɓe Alhaji da rawaninsa a gefen titi, ya ɗauki Babangida yana numfashi, ya cika a hanya. Shi ba ya cin komai a gadon. Nemo shi a tasha da ƙafa a ɗaure aikin babi uku ne.

Malam Habibu: Wannan direban shi ne shaidar da ake ginawa a kai. Sai ku kula da lokaci. Ana binne mamaci a ranar ko washegari, babu zancen binciken gawa irin na fina-finan waje, kada a ɗauko shi. Agogon labarin yana cikin al'adarmu: zaman makoki, sadakar uku, bakwai, arba'in, sannan fitar takaba bayan wata huɗu da kwana goma. Shari'a ba ta ce sai an fita takaba za a raba gado ba, amma gidaje da yawa sukan jira. A sa dattijan dangi su tsayar da ranar rabo a makon fitar takaba, kowane babi ya san kwana nawa suka rage. Kuma in kuna son ƙarin matsi, a bar amarya da ciki, domin a Malikiyya ana dakatar da rabo har a haihu.

Sadiya Zinder: Da bakin wa za a ba da labarin? In Nafisa ce ke cewa "na ji, na gani", ai mun san gaskiya take faɗa, zullumin ya ragu.

Bashir Mai Biro: Da bakinta, amma a sa ta yi kuskure na gaske sau biyu a farkon littafin. Ta rantse rigar da Alhaji ya sa fara ce, a fito da ita shuɗiya. Ta ce an kira sallar la'asar kafin su bar gida, kowa ya ce bayan sun tafi ne. Ƙananan abubuwa irin waɗanda kowa ke ruɗewa a kansu. Daga nan mai karatu ba zai saki jiki da ita ba, ita ma haka. Abin da ba a yi shi ne a sa ta ɓoye wa mai karatu abin da ta sani sarai don kawai a ja labari. Ta faɗi duk abin da ke kanta, matsalar ita ce ko kan nata abin dogaro ne.

Ga masu sakin labari feji-feji a WhatsApp ko Wattpad, kada a fara saki sai an rubuta jadawalin ranar haɗarin minti-minti, da wanda ya san me a kowane babi. Masu karatu za su yi ta hasashe a sharhi, wata za ta canko Asabe tun feji na goma. Kada a sauya mai laifi don a ba ta kunya. Duk abin da aka shuka zai tashi a banza, ƙarshen ya zo a karkace.

Hajiya Mairo: Ni tambayata daban ce. Irin wannan labari ba zai sa mutane su riƙa zargin 'yan'uwansu ba? Zumunci ya riga ya yi rauni.

Malam Habibu: Hajiya, tambaya ce mai kyau. Alƙur'ani bai ɓoye mana cewa hassada tana shiga tsakanin 'yan gida ɗaya ba. Ga 'ya'yan Annabi Adamu biyu a Suratul Ma'ida. Ga 'yan'uwan Annabi Yusuf, waɗanda suka ce ubansu ya fi son shi da ɗan'uwansa a kansu, suka dawo da daddare suna kuka, da riga mai jinin ƙarya. Abin da zai ɓata zumunci shi ne a nuna mugunta ba dalili, ko a ƙawata ta. In iyaye suka karanta suka ga yadda fifiko da shiru suka gina Asabe cikin shekara arba'in, an yi aiki.

Anti Rabi: Shi ya sa ban son a ƙare da kotu da ɗauri, ko ta faɗi tana kuka kowa ya yafe a shafi ɗaya. Ɓoye kiran waya ba abin da za a kai mutum kurkuku a kansa ba ne a irin wannan gida, dattijai za su rufe maganar, a gyara lissafi, a ba marayu miliyan 42 ɗinsu. Babin da ya fi nauyi shi ne wanda Hajiya Babba za ta kira ta ɗaki bayan kowa ya watse. Shekara arba'in ba ta furta sunan 'yarta ba. Ko ta furta shi a wannan daren ko ta kasa, marubuciya ce za ta zaɓa, amma duk littafin can yake tafiya.

Ummu Sultan: Nafisa fa, Anti? Ta jawo wa yayyenta asarar miliyan 14 kowanne, uwarta ma ba lallai ta gode mata ba.

Anti Rabi: Ba za ta gode mata ba. A bar ta a gidan, ƙafa ta warke da ɗan ɗingishi, ɗakinsu ba a yi mata magana sai ta kama. Abincinta kuma daga ɗakin uwargida yake zuwa, ɗan Babangida ne ke kawowa.